Hannun Hagun Alhaji Garba

Ranar da na kira Alhaji Garba dutse a gaban idonsa ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina anfirme, wato ma'aikacin jinya, a asibitin Gaya, aka haɗa ni da wata lokotoro, likita baƙuwa mai bincike kan siginar ƙwaƙwalwa. Masu shanyewar jiki da bakinsu ya mutu muke sa wa hula mai wayoyi. In mutum ya raya a ransa yana motsa hannun dama, ordinatar, wato kwamfuta, ta rubuta "i". Na hagu kuma "a'a".

Alhaji tsohon mai kamyo ne, babbar motar kaya, ya yi shekaru yana jigilar kaya daga Malanbil. Siginar damansa na fitowa tsaf, amma hagu ko gezau. Ƙa'ida ta ce wanda ya kasa ba da amsa biyun a zama uku, a cire shi. In an cire shi kuwa, ba shi da sauran hanyar magana.

Zama na uku na gaji, ga zafi, ga ni da ɗan banzan gaggawa. Na faɗa wa lokotoro da Hausa, ina tsaye a kansa, cewa wannan dutse ne, babu kowa a ciki, mu rufe dosiye, takardunsa ke nan.

Matarsa Hajiya Ramu tana zaune a tabarma. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, shekara arba'in ban ga ya miƙa wa mutum hagu ba. Yanzu da ya kwanta ne zai amsa wa baƙuwa da shi?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ni haifaffen garin nan, uwata ta sha buge mini hannu kan miƙa abu da hagu, amma takarda ta sa na manta. Lokotoro ta maida "a'a" motsin ƙafa. Tambaya goma, ya amsa tara daidai.

Da muka gama na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini?" Muka jira. Lokotoro ta duba ta ce siginar ba ta fito sosai ba. Ban iya sake tambaya ba.

Ku sababbin ma'aikatan jinya, kafin ku rubuta cewa mutum ba ya ji, ku tambayi na gidansa yadda yake da mutane. Kuma duk abin da za ku faɗa a kan gadonsa, ku sani yana jin ku.