Ishaya Na Nan

Jama'a, labari ya iske ni da safiyar nan. Kada gabanku ya faɗi, ba rasuwa ba ce. Wallahi yau dariya da kuka tare nake yin su.

Kuma ba mutum ne ya kawo min labarin ba, wayata ce.

Na buɗe shago ke nan, na ajiye jaka, na ɗauko waya zan haɗa ta da waifai kamar kullum. Sai ga wani suna a cikin sunayen da ta kamo, sunan da na riga na fid da rai da sake ganinsa.

"Ishaya na nan."

'Yan layinmu na Liman Abaji sun riga sun gane. Ku na nesa ku yi haƙuri in yi muku bayani, don yau bakina ba zai rufu ba.

Oga Ishaya maƙwabcina ne a shago, bango ɗaya ya raba mu. Mutumin Gitata ne, aikinsa haɗa wa makarantu da gidaje intanet. Ni kuma takardu nake bugawa. Duk abin da na sani game da rauta, akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet, shi ya koya min.

Rautar shagonsa ya sa wa wannan sunan. In zai fita aiki sai ya kashe ta, in ya dawo ya kunna. Ya ce ya gaji da mutane suna zuwa suna damuna da tambayar ina ya tafi. Haka duk layi muka saba: mai kemis, mai shayi, tela, kafin ka taso sai ka duba wayarka. In ka ga sunan, to mutumin yana kan kujerarsa.

Ranar da na sayi tawa rautar, na kira shi ya saita min. Ya ja kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa.

Ya ce, "Hajara, in na yi miki yau, gobe ma sai kin kira ni. Zauna, ke za ki yi."

Na jona wuta, nan take na fara latse-latse. Ya ce, "A'a, naɗe hannunki! Tsoho ma in ya tashi daga barci sai ya yi miƙa." Muka zauna muna kallon 'yan fitilun, na wuta ya kama, na intanet ya yi ta ƙyafta ido da ja har ya koma kore. Ni da ba ni da haƙuri kamar in yi tsalle, shi kuwa gyaɗarsa yake ci.

Ya nuna min ramukan baya. Mai launi daban shi ne na intanet mai shigowa, sauran na kwamfuta ne. Ya sa na kifa ta, na karanto lambar da ke rubuce a cikinta, na buga a kwamfuta, sai ga shafi ya buɗe yana neman suna da faswod. Ya ce wanda ta zo da shi daga kamfani kowa a duniya ya san shi, in canja. Na ce zan sa sunan ɗana.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Sunan Sadik? Duk layin nan fa sun ci tuwon sunansa!"

Da na gama, na sa wa waifai ɗin suna, na adana, rautar ta mutu ta sake tashi, wayata ta kama. Na yi ihu sai da tela ya leƙo. Tun ranar bai sake kirana Hajara ba, sai Injiniya.

Ba tsokana ce kawai ba. In aiki ya fito a gidan da maza ba sa shiga, ni yake turawa. "Injiniya, akwai gida a Nasarawa, ba a shiga. Ɗauki kebul ki je." In na rikice in kira shi, ba ya taɓa nuna min na dame shi.

Abu biyu ne kawai ke ɓata wa Oga Ishaya rai a duniyar nan.

Na farko, ramin riset, ɗan ƙaramin ramin nan na baya. Mutanenmu da netwok ya ɗauke sai a zaro tsinken tsintsiya a soka, duk saitin da aka yi ya goge. Shi ya sa duk rautar da ta bi ta hannunsa sai ya liƙe ramin da salatif, ya ɗaga yatsa ya ce, "No touch am!"

Na biyu, rufe rauta da ƙyalle. Matanmu mun saba, talabijin leshi, rediyo leshi, to ita ma sai a rufa mata don ƙura. Yana shiga gida ya gani sai ya kama kai. "Haba Hajiya! Amarya ce? Zafi zai kashe ta fa. A ɗora ta sama, a bar ta ta sha iska."

Ana nan, wata rana da tsakar rana ya faɗi a shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti 'yan uwa suka wuce da shi Gitata. Layinmu ya yi shiru, ni dai ba na son ma kallon ƙofar.

Sau ɗaya sunan ya taɓa dawowa. Muka kwasa da gudu, ashe ƙanin matarsa ne ya zo share shago ya kunna. Kafin mu isa, bawan Allah ya ga intanet bai zo ba, ya ɓare salatif ɗin ya soka tsinke. Data ce fa kawai ta ƙare! A gaban idona sunan ya ɓace, wasu haruffa da lambobin kamfani suka maye gurbinsa. Ban zage shi ba, amma kallon da na yi masa ya ishe shi.

Sai na sa rautar tasa a jaka na shiga mota zuwa Gitata.

Na same shi a gindin mangwaro, hannun dama ajiye a cinya. Ya rame. Matarsa, Maman Joy, ta ja ni gefe ta ce likita ya ce hannun zai iya dawowa in ana motsa shi, amma mutumin ya ƙi. Har ya fara cewa a sallami shagon.

Na zauna kusa da shi na ciro rautar. Na ce, "Oga, zan saita ta a gabanka ka duba aikin ɗalibarka. In mayar mata da sunanta."

Da ƙyar maganar ta fito.

"Saita. Amma ki sa wani suna."

Na ce don me?

Ya ce, "Ba na nan ai, Injiniya."

Ban saita ba. Na miƙa wa Maman Joy na ce ta ajiye inda zai riƙa ganinta. A mota na yi ta kuka har wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu. Tun daga ranar ban sake ganinsa ba, kuma na ɗauka shi ke nan, mun yi rashin maƙwabci yana raye.

To yau da na ga sunan, fushi na fara yi. Na ce wane marar tausayi ne kuma zai yi mana wasa da hankali? Na fito ko takalmi ban tsaya gyarawa ba.

Ƙofa a buɗe. Rauta a can sama kan kanta, fitilu kore shar, sabon salatif a baya.

Ga mutumin a kan kujerarsa, sanda jingine da tebur, laftof a gabansa, yana latsa haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Yatsan hannun DAMA!

Ya ɗago ya dube ni, bakin har yanzu a ɗan karkace, ya ce, "Injiniya, kin makara."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni Hajara, da ko a bikin ƙanwata ban yi ba! Mai shayi ya bar ruwa a wuta, tela ya fito da tef ɗin awo a wuya, mai kemis yana ta ɗaga waya yana nuna wa mutane kamar su ba su da ita.

Na juya na ga matarsa tsaye a gefe, na ce, "Maman Joy, don Allah me kika yi masa?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni? Ba komai. Kullum da safe sai in jona rautar a gabansa, in ɗauko leshina mai kauri in rufa mata. In ya yi magana sai in ce ban ji ba, in wuce kicin. Na ajiye ta ta gefen dama, inda hannun hagun ba zai kai ba. Ran nan na fito, na ga leshi a ƙasa."

Oga Ishaya ya girgiza kai ya ce, "Matar nan muguwa ce."

Ta ce, "Na gode. Gobe ma zan rufa."

Daga fizge leshi, in ji ta, sai matsa ƙwallon roba, sai riƙe cokali, sai ya ce a miƙo masa kebul. Ya hana ta gaya wa kowa. Ya ce sunan ba zai koma ba sai ranar da ya rubuta shi da hannunsa, a shagonsa, don kada ya yi wa layi ƙarya.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Tafiyar sai da sanda, maganar sai a hankali, hawa tsani kuwa sai dai ni in hau yana ƙasa yana min faɗa. Na yarda, wallahi na yarda, ya yi ta faɗan.

Ya Allah, Kai da Ka tashi hannun nan, Ka ƙarasa masa sauƙi. Ka sake masa harshe, Ka ƙarfafa ƙafarsa, Ka saka wa Maman Joy da alheri, ita da leshinta. Duk mai jinya a gida ko a asibiti, da wanda zuciyarsa ta karaya, Allah Ka tashi kafaɗunsu.

Don Allah duk wanda ya karanta, masallaci kake zuwa ko coci, ka sa Oga Ishaya a addu'arka, ko da amin ce ka bari a ƙasa.

In kuma hanya ta biyo da kai Liman Abaji, ba sai ka tambaye ni ba. Ciro wayarka ka duba.