Kofin Malam Ba Zai Koma Kicin Ba

Kafin masu shagunan ƙasa su buɗe, Malam Mai Kofi ya riga ya hau bene. Zai goge tebura, ya kunna tsofaffin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron kukan fankar kowacce kamar mai gaida maƙwabta. Sannan ya ajiye buta da ƙaramin kofin ƙarfe a gaban allo. Shekara da shekaru haka yake a wannan makarantar koyon kwamfuta, yana koyar da harshen C, wanda da shi ake yi wa inji magana kusa da cikinsa.

Duk wanda ya zauna a ajinsa yana tuna ranar farko. Malam zai karɓi takardar ɗalibi, ya ɗora kofin a kai, ya dinga tsiyaya ruwa yana hira har ya malale.

"Malam, takardata!"

"To, laifin buta ne ko na mai zubawa?"

Haka kwamfuta take, in ji shi. Ka ware mata gurbin haruffa ashirin, wani ya rubuto layi mai ɗari. In ba ka gaya mata inda za ta tsaya ba, sauran ya kwarara kan abin da ke ajiye a gefe ya ɓata shi. "Faɗa mata girman kofinka," yakan ce. "Bar gurbi ɗaya na alamar ƙarshe. In layi bai ƙare ba, kwashe ragowar, kada ta faɗa cikin tambaya ta gaba. In ba abin da ya zo, kada ka yi kamar ya zo."

Gwajinsa ma da kofin ne. Sai ya ɗora shi a kan madannin harafi ɗaya na kwamfutar ɗalibi, harafin ya yi ta gudu a gilashinta, shi kuwa ya tafi taga shan iska. Wata ɗaliba da ake kira 'Yar Sauri ta sha wannan gwaji. Ta rubuta manhajar rajistar marasa lafiya, ta riga kowa gamawa. Kofi ya zauna a kan madanni, suna ya malale ya shafe gurbin rukunin jini.

"Haba Malam, wa ke da suna mai tsawon haka?" ta ce da hawaye.

"'Yata, ba ki san mutane ba. Wata da jariri a cinya za ta rubuta, ya kai hannu. Wani kuma da gangan zai zo."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita har ta gyara da hannunta.

Malam, kai ne murfin rijiya: wanda bai faɗa ba bai san ka tsare shi ba.

Bana idanunsa suka dushe, sai ya kai hanci jikin gilashin kwamfuta kafin ya ga rubutu. Mai makaranta ya ce in ba a samu magaji ba, ɗakin zai koma wurin gyaran waya. Malam bai yi musu ba, amma matarsa ta ce tun ranar abinci ya daina shiga.

Ranar sallamar Malam daga aiki, tsofaffin ɗalibai suka cika ɗakin. Matar tasa ta miƙa hannu.

"To, yau dai kofina zai koma kicin. Tun ina amarya ya sace shi."

Aka yi dariya. Malam ya ɗauki kofin yana jujjuya shi, hannu ya ƙi miƙewa. Sai ga murya daga bakin ƙofa.

"Mama, ki yi haƙuri, zan sayo miki wani."

'Yar Sauri ce, wadda yanzu take kula da kwamfutocin wani asibiti. Ta ce wa mai makaranta ya bar mata ajin, za ta riƙa zuwa in ta tashi aiki. Malam ya laluba ya sa mata kofin a tafin hannu.

"Ki zuba a hankali, na san ki da gaggawa."

"Ai sai ya malale a kan takardunsu, Malam."

Mun gode, Malam, da takardun da ka jiƙa mana. Allah ya ba idanunka sauƙi. Ku kuma masu sana'a a hannu, kada ku jira sai ido ya dushe: ku jawo kujera kusa da na baya tun yau.