Na Koyi Turanci da Sirrin Mahaifina

A lokacin da wannan abu ya faru ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ina aure a Arkilla, kullum ina bin keke zuwa ofis. Ni aka ɗora wa rubuta rahoton taro da Turanci, kuma shugabanmu ba ya gajiya da yi mini ba'a, wai a rahotona kowa "ya ce" kawai yake yi, babu mai musantawa, babu mai roƙo, babu mai gargaɗi. Ni kuwa ba na son raini ko kaɗan. Haushin haka ya sa na shiga wani ajin koyon Turanci da ake yi a guruf ta waya. Malamarmu ta ce kowace rana mu ɗauko maganar da muka ji da kunnenmu, mu ba da labarinta da kalmar da ta dace. Nan da nan na yi fice, yabo kuma ya hau mini kai.

Mahaifina malami ne a Ƙofar Taramniya, shi ke tafsiri a masallacin unguwa tun ina yarinya. Ana gab da azumi ya kira ni ɗakinsa, ya gaya mini idanunsa sun yi rauni, ba ya ganin rubutu, littafin riƙewa kawai yake yi yana karantowa da ka. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, ko mahaifiyata, yana son ya kammala tafsirin bana tukuna in kai shi asibiti a asirce. Na yi kuka, na yi masa alkawari. Washegari aka ba mu aiki a kan kalmomin amsa gaskiya da na roƙo, sai na rubuta cewa mahaifina ya amsa ba ya ganin karatu, ya kuma roƙe ni in ɓoye. Wallahi ban ji ina tona asiri ba. A wautata, abin da aka faɗa da Turanci a cikin aji darasi ne kawai. Har daɗi na ji da malama ta ce jimlata ta fi ta kowa.

Ashe a guruf ɗin akwai wanda ya san gidanmu, baffansa na cikin dattawan masallacin. Ba da mugunta ya kai maganar ba, tausayi ne, wai a taimaka wa Malam. Dattawa suka zo har zaure suka yi masa jaje, suka lallashe shi ya huta, wani ɗalibinsa ya hau kujerar tafsirin. Baba ya yi musu godiya bai musa ba. Da na je na durƙusa ina ba shi haƙuri, cewa ya yi ya yafe, Allah ya riga ya ƙaddara. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

An yi masa aikin ido ya samu sauƙi, amma bai koma kujerar ba. Abin da na koya shi ne amana ba ta sauya suna don an sauya harshe, kuma guruf ba ɗaki ba ne, ba ka san wa ke ciki ba. 'Yan'uwana masu koyo, ku ƙirƙiro misalanku, ku bar maganar gida a gida. Ni yanzu rahotona ba mai kushe shi, amma duk ranar da na tambayi Baba jikinsa, lafiya lau yake ce mini, irin amsar da yake ba baƙo.