Rijiyar Bakin Titi

Shekara uku na yi ina wa wani kamfanin takin zamani tafinta a ofishin hulɗa da jama'a. Shugabata 'yar Accra ce, ba ta jin Hausa, don haka duk inda za a raba alheri ni ne bakinta. A Salaga mun ba makaranta kujeru, a Yendi mun yi wa wani ƙaramin asibiti fenti da launin buhunmu. A lokacin ina alfahari da aikin.

Sai aka ce za a haƙa rijiyar burtsatse a Bawku, garinmu. Muka zauna da dattawan zango, wato unguwar Hausawa, a ƙofar gidan kawuna, tsohon dillalin shanu. Dattawan suka roƙi a haƙa ta a bayan unguwa, inda mata ke shan doguwar tafiya kafin su sami ruwa. Shugabata ta sunkuyo, ta ce mini da Turanci, can ciki babu mai ganin allon kamfani, dole sai bakin titin da motocin Burkina ke bi.

Na kasa faɗar haka. Na ce musu masana sun gano ruwa ya fi kusa a bakin titi.

Dattawan suka yi godiya, aka shafa fatiha. Da aka watse, kawu ya riƙe hannuna.

"Ɗana, na yi shekaru ina kai shanu Kumasi, ina jin Turanci," in ji shi. "Ita ba ta yi ƙarya ba, ciniki ta zo yi, mun kuma san ciniki. Da ka faɗa mana gaskiya, da mun taya. Wataƙila mu ce a kafa allon a titi, a ba mu ruwan a ciki."

Na ce, "Kawu, kunya na ji."

"Kunyarka ta hana mu magana."

An haƙa rijiyar a bakin titi, ruwanta mai daɗi ne, har yau direbobi da masu shayi suna ɗiba. Matan bayan unguwa, ciki har da gwaggona, sun sami sauƙin rabin tafiyar kawai. Ban bar aikin nan take ba, ina da iyali. Amma a taron da muka yi a Karaga bayan haka, na fassara duk abin da shugabata ta faɗa yadda yake. Manoman suka yi ta gardama da ita har la'asar.