Taibatu, Wadda Ta Mayar wa Inna Karatunta

Kullum da hantsi Taibatu takan saɓa jakarta ta nufi rumfarta ta gyaran waya a bakin kasuwar Talata Mafara. Ranar da ciniki ya yi sanyi sai ta hau mota zuwa Bakura ko Maradun, tana bi gida-gida wajen tsofaffin da waya ta gagare su. Shekara goma sha biyu tana wannan zirga-zirga. Yanzu ciwon baya ya sa ta rufe rumfa, ni kuwa ina da maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Masu shaidarta suna da yawa. Tijjani, manomin albasa a Bakolori, ya ce yatsunsa sun yi kanta har gilashin waya ba ya jin taɓawarsa, ita ta saita masa. Amma tawa shaidar a cikin gidanmu take.

Mahaifiyata, Inna Maimunatu, ta shekara arba'in tana karantar da mata Alƙur'ani a Damri. Da idonta ya raunana na sawo mata kwamfutar hannu, wadda ake ce wa tabulet, don baƙaƙen su fito manya. Sai ga matsala. Hannunta yana rawa tun da hawan jini ya taɓa ta, ga kuma sabon da ta yi na lasar yatsa kafin ta juya shafi. Da ta ja gilashin da jiƙaƙƙen yatsa, sai karatu ya zabura daga Baƙara ya faɗa Yasin. A gaban ɗalibanta fa! Ta sunkuyar da kai, ta ce a ɗauke.

Taibatu ta ji labari, ta zo har gida. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam Sadiq, ba ni abin ga in duba, akwai saitin masu rawar hannu a ciki."

Ni da girman kaina na ce, "Haba Taibatu, wanga ba kayan rumfa ba ne. Tsufa ne kawai."

Ba ta yi musu ba, ta ce Allah ya ba Inna lafiya, ta tafi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Shekara biyu Inna tana zaune wasu na karanta mata, ita da ta koya musu.

Ƙanwata Amira ce ta kirawo Taibatu ta dawo, ina kan tafiya. Ta ce Taibatu ta daɗe tana kallon yadda hannun Inna yake motsi kafin ta taɓa komai. Ta saita gilashin ya daina kula da taɓawar da ta maimaitu, ya jira sai yatsa ya natsu. Ta kafa babban madanni a gefe, dannawa ɗaya shafi ya hau a hankali, ba sai an ja ba. Sannan ta ce, "Inna Malama, lashi yatsanki yadda kika saba, ki goga a gyale, ki danna nan."

Inna ta danna. Ta sake dannawa. Amira ta ce karatu ta ci gaba da yi tana hawaye, ba ta ko ɗago ba.

Wata bakwai ta samu. Ta sauke sau ɗaya da idonta, sannan idon ya rufe gaba ɗaya.

Taibatu, ke ce mai haƙuri da hannun da kowa ya gaji da shi. Ke kika san cewa tsoho ba ya sauya sabonsa, na'ura ake lanƙwasawa ta bi shi. Na gode, kuma ki yafe mini. Ku masu gyara, ku koyi wannan zama da kallon nata. Ku 'ya'ya, in mai sani ya zo ƙofarku kada ku duba ƙanƙantar rumfarsa.

Inna tana nan da rai a Damri. Bayan kowace salla tana ambaton sunanki a addu'a kafin ta zo kan nawa, kuma ban taɓa jin an zalunce ni ba.