Ɗaki Biyu a Rumbu Ɗaya

A layin masu gyara ana kiransa Raba-Biyu. Shagonsa ɗan tsugul ne a ƙarƙashin bene, cike da matattun kwamfutoci da warin dalma. Ƙa'idarsa ɗaya tun yana saurayi: ba ya ɗora wa kwamfuta sabuwar babbar manhaja sai ya raba rumbun ajiyarta gida biyu, daidai wa daida. Ɗaki ɗaya na manhaja, ɗaya na kayan mai ita.

"Ba a rushe ɗaki da mutane a ciki," in ji shi.

Bai taɓa sa wa ɗakunan suna ba. Idonsa ya ishe shi. Sai dai idon ya fara hazo, ya kuwa ɓoye. Telan da ke maƙwabtaka da shi kan leƙo ya ce, "Tsoho, allon nan za ka lasa ne?" Ya ce, "Je ka nemi ramin allurarka."

Bayan rasuwar ƙaninsa, matar marigayin ta kawo kwamfutarsa a naɗe cikin zane.

"Yaya, ta daina buɗe komai. Muryarsa na ciki, yana yi wa yara tatsuniya. Autar ba ta barci sai ta ji."

"Kwantar da hankalinki. Aikina ne."

Da ma yakan kwafe kayan mutane a wani faifai daban, amma nasa ya lalace, bai maye gurbinsa ba. Ya raba rumbun, ya kwashe hotuna da muryoyi zuwa sabon ɗaki. Da ya zo goge tsohon, layi biyu na ɗakunan suka tsaya a allo, girmansu ɗaya, kamar tagwaye. Tela na bakin ƙofa; kira ɗaya ya isa. Kunya ta riƙe masa baki. Ya kanne ido, ya danna.

Sabuwar manhaja ta hau ta zauna daram a inda muryar take. Ya gwada duk dabarar da ya sani. Abin da ya dawo rabin hoto ne: kafaɗa da kunne.

Da la'asar matar ta dawo.

"Ta gyaru, Yaya?"

"Ta gyaru. Amma muryarsa ta tafi. Ni na goge ta."

Ta naɗe kwamfutar cikin zanenta.

"Me zan ce wa auta?"

Washegari ya sayi tabarau. Har yau yana raba rumbu, amma ba ya ƙara yin ɗakunan daidai.