Na Tsaya Gaida Surukina a Tsakiyar Shataletale

Ƙarfe biyu da minti ashirin na rana, ranar wata Talata, muna tsakar gidana a Unguwar Dosa mu huɗu: ni, da mahaifiyata Inna, da matata, da ƙanwata autarmu. A lokacin ni mai kula da sito ne a wata ma'aikata, mutum mai son komai ya bi layinsa. A wannan minti aka kira wayar Inna aka ce jirgin rukuninsu na aikin Hajji ya samu, duk maniyyaci ya kasance a sansanin alhazai na Mando kafin la'asar, wanda ya makara sai dai ya jira abin da Allah zai yi.

Gidan nan ya kaure! Ƙanwata ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo babu sallama. Inna tana dariya tana hawaye, tana neman takalminta alhali yana ƙafarta. Ni kaina zuciyata kamar ta fito, domin shekaru na yi ina hango ranar da zan riƙe jakar Inna har bakin ƙofar sansani, in durƙusa ta dafa kaina. Amma na daure na tsara abin. Da farko jakarta ta shiga but ɗin mota, na kulle da hannuna. Sannan aka yi addu'a. Sannan Inna ta zauna a baya tare da matata, autar a gaba, muka tashi.

A hanya autar ta dame ni in taka mota. Ta ce Yaya, tafiyar nan ko mai tura baro zai wuce mu. Na gaya mata cikin gari ba na haura hamsin, ko jirgin ya tayar da inji. Inna ta goyi bayana, ta ce a bar ɗanta ya yi tuƙinsa na mutunci. Har ga Allah na ji daɗin kaina. Ina ba da sigina inda ya kamata, ina tsayawa inda aka ce a tsaya, ina ganin babu direban da ya kai ni bin doka a Kaduna.

Muka wuce Kawo, muka iso wani shataletale. Na jira, na samu sarari, na shiga. Dokar wurin na san ta sarai: wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, na waje shi ke jira. Ina cikin zagayawa sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar farar mota tana jiran shiga. Surukina ne, mahaifin matata, shi ma ya ji labari ya fito zai je yi wa Inna sallama. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, wanda tun daga zaure nake cire takalmi in durƙusa. Yaya zan gifta ta gaban motarsa, yana tsaye yana jirana? Kafin in gama tunani ƙafata ta taka birki. Na tsaya cak a tsakiyar shataletale, na sunkuyar da kai, na miƙa hannu ina nuna masa ya shigo. Shi kuma yana kaɗa hannu da ƙarfi in wuce. Na ɗauka kara yake yi mini, na ƙara sunkuyawa.

Sai ƙara. Wani mai Keke Napep da ya biyo mu a guje ya dake mu ta baya, wata bas kuma ta dake shi. Motarmu ta zabura gaba ta mutu. Abu na farko, na juya na duba Inna. Lafiyarta ƙalau, sai salati take yi. Na biyu, na fita. Keken ya lotse, wata mata da ke ciki ta riƙe hannunta tana kuka, goshinta na jini. Na uku, na duba bayan motata: but ɗin ya murɗe ya shige ciki, mukulli ya ƙi juyawa, ga jakar Inna da kayan aikin Hajjinta duka a ciki.

Nan da nan wuri ya cika. Mai Keken yana rantsuwa yana tambaya ko a nan aka ce mini tashar mota take. Direban bas ya ce in gaisuwa nake so in sauka in shimfiɗa tabarma. Surukina ya ratso mutane, ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Na fara durƙusawa, ya ce in miƙe, durƙuson nan ne ya jawo mana wannan. Ya ce yana da gida, yana da zaure, a can ake gaishe shi, kan titi kuwa shi da ni duk direbobi ne. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Lokaci na tafiya. Wani mai faci a gefen hanya ya kawo dogon ƙarfe, samari suka taru suna danna shi suna kabbara, autar tana ihu a yi a hankali kada a huda jakar. Murfin ya yi ƙara ya ɓalle, jama'a suka ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo! Surukina ya ɗauki jakar da kansa, ya buɗe wa Inna ƙofar bayan motarsa, ya ce Hajiya bismillah. Su biyun da ko ido ba sa haɗawa saboda kunya, ranar a mota ɗaya suka tafi, matata da autar a tsakani. Na yunƙura zan bi su, jami'in kula da hanya ya riƙe ni. Ya ce mai Keke yana da laifin gudu da matse mota, amma ni ne na tsaya ba dalili a inda ba a tsayawa, kuma ga mai rauni. Gaskiyarsa. Inna ta leƙo ta taga ta ce in kula da baiwar Allahn nan, ita Allah ya riga ya kula da ita.

A asibiti na yi la'asar, ana ɗaure wa matar karayar hannu. A nan autar ta kira tana haki, ta ce sun shiga, ana cikin kiran sunaye suka isa, Inna ta amsa nata! Na yi sujada a barandar asibiti. Amma jakar da na yi shekaru ina burin riƙewa, wani ne ya riƙe, kuma hannun Inna bai sauka a kaina ba. Da ta kira daga Madina, bayan addu'o'i, sai ta tambaya cikin dariya ko na samu na ƙarasa gaisuwar.

Abin da na koya shi ne, dokar hanya ba ta tsaya ga rage gudu ba. Idan hanya taka ce, wucewa ma wajibi ne, domin na bayanka da kai ya dogara. Ladabin da na yi wa mutum ɗaya, wata mata da ba ta san mu ba ce ta biya shi da hannunta.

Ina roƙon mai karatu abu biyu. In kana cikin shataletale ka hango surukinka, ko malaminka, ko maigidanka, ka wuce, ka same shi a gida ka durƙusa yadda kake so. In kuma kai ne babban, ka kira 'ya'yanka da surukanka yau, ka faɗa musu da bakinka cewa ka yafe musu gaisuwar kan titi.